Wa zai riƙe hannun sabbin injiniyoyinmu?

Laminu: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure namu na injiniyoyin Nijar a waya. Ina da magana, kuma don Allah kar a sallame ni da ɗan yatsa sama a wuce. Kowace shekara EMIG, makarantar ma'adinai da masana'antu ta Yamai, tana yaye yara, Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi tana fiddo masu ilmin gini da lantarki da injuna, ga waɗanda ke dawowa daga makarantar injiniyoyi ta 2iE a Wagadugu, da Aljeriya, da Maroko, da Najeriya. Da yawansu sai ka gan su da dosiye a hammata, yau wannan biro gobe wancan, har takalmi ya cinye. Mu kuma a nan akwai waɗanda suka shekara goma, ashirin a bakin aiki. Shawarata ita ce duk wanda ya kai shekara 5 yana aiki ya ɗauki yaro guda ya riƙe shi wata 6. Ba alkawarin aiki ba ne. Ya tafi da shi shantiye, wato filin aiki, ya ba shi abin yi da hannunsa, ya duba rahotonsa, ya gabatar da shi wurin mutane. Me kuka gani?

Jibo: Wa alaikumus salam. In akwai shayi a ciki ku sa sunana.

Sabi'u: Yaya Laminu, Allah ya saka da alheri, amma ku bar ni in faɗi abin da ke raina. Wannan riƙon da kuke magana ai daɗewa aka yi ana yin shi, PAC ne, dangi da abokai da sanannu, wato sanayya ce. Ɗan wane tun kafin ya yi sutunans, wato kare memwar ɗinsa na ƙarshen karatu, an riga an ajiye masa kujera. Ni ɗan manomi ne daga wani ƙauye bayan Illela, wanda ya fi kowa hanya a danginmu direban kamyo ne. In aka ce kowa ya ɗauki yaro, kowa ɗan yayarsa zai ɗauka, mu kuma mu ci gaba da kabu-kabu, difilom na ƙarƙashin katifa.

Nafisa: Wallahi Sabi'u ya faɗi rabin abin da zan faɗa. Sauran rabin sai manya sun gama.

Alhaji Mutari: Salamu alaikum. Ni ba injiniya ba ne, ɗan kwangila ne, Laminu ne ya jawo ni cikin nan. Amma tunda ni nake biyan injiniyoyi a ƙarshen wata, ina da bakin magana. Sabi'u ɗana, sanayya akwai ta, ba wanda zai yi maka musu. Sai dai ka ji nawa ɓangaren. Yaro ya zo mani da difilom mai kyau, makinsa ya fi na kowa. Na ba shi filan na aji uku na lakwal, na ce fiddo mani da debi: buhun siminti nawa, ƙarfe nawa, yashi da tsakuwa kamyo nawa, kuɗin magina nawa. Sai ya tambaye ni ko ina da manhajar da suka koya a makaranta. Ni kuwa tsohon maginina da bai taɓa shiga aji ba, da ido zai kalli filan ya faɗa mani siminti, kuskurensa bai wuce buhu kaɗan. To wa zan ɗauka? Ba ƙin yaran muke yi ba. Tsoro muke ji, don in dal, wato rufin siminti, ta tsage ba sunan makarantarsa za a kira ba, sunana za a kira.

Sabi'u: Alhaji, shi maginin da kuke yabo, ran da ya fara ya iya? Wani ne ya haƙura da shi.

Alhaji Mutari: Ƙwarai kuwa. Amma shi da ya fara, kwaɓa ƙasa ya yi, ya ɗauki bulo a ka, bai ce a ba shi biro mai sanyi ba.

Dakta Haruna: Bari in sa baki kafin a rataye mu malamai. Alhaji, abin da kuka faɗa gaskiya ne, amma ba aikin makaranta ba ne ta san farashin tsakuwa a kasuwar Katako na wannan satin. Makaranta tana koya wa yaro dalilin da ya sa ginshiƙi ke tsayuwa da dalilin da ya sa yake faɗuwa. Magininku ya san buhu 7 ake zubawa a mita kub guda na beto mai ɗaukar nauyi, wato kilo 350, amma ran da aka ce a ƙara hawa biyu a kan ginin, ko ƙasar wurin ta zama laka mai kumbura da damina, ido ba zai fisshe shi ba, sai lissafi. Inda nake yarda da ku shi ne tsakanin aji da shantiye akwai rami. Staj ɗin ƙarshen karatu shi ya kamata ya cike shi, amma yara da yawa suna zuwa staj a zaunar da su a kusurwa, su yi ta ɗaukar hoton takardu, a ƙarshe a buga masu tambari su dawo. Mu kuma malami guda na bin memwar ɗin ɗalibai masu yawa, ba ya iya bin kowa har wurin aiki.

Usmanu: Ku yi haƙuri, ni a ganina duk kun kauce wa ainihin ciwon. Ko Sabi'u ya iya debi kamar ruwa, ina aikin yake? Masana'antu nawa gare mu? Cominak mai haƙar uraniyum a Arlit ta rufe a ƙarshen watan Maris na 2021, ƙwararru da yawa sun dawo gida suna neman aiki tare da ƙannensu. Matatar mai ta Soraz ganga 20,000 take tacewa a rana tun 2011, mutum nawa za ta ɗauka a shekara? Bututun mai daga Agadem zuwa Seme ta Benin, kusan kilomita 2,000, an gama shimfiɗa shi, kuma kula da bututu ba ya cin mutane kamar gina shi. Manyan ayyuka irin gada ta biyu da ta uku a Yamai kamfanonin Sin ne suka gina. In kujera goma ce, masu nema ɗari, ka horar da su duka ka gyara masu CV, har yanzu goma ne za su zauna. Riƙon hannu zai sauya wanda ya samu ne kawai, ba zai ƙara kujeru ba.

Jibo: Bagobiri ya yi magana mai ma'ana yau. A rubuta ranar.

Usmanu: Bazabarme, ka bari manya su gama, za a kira ka in an zo rabon kopto.

Baba Illiyasu: Salamu alaikum ɗiyana. Na daɗe ina karatu ban ce komi ba, idanun sun tsuhwa, rubutu a waya wahala ne. Usmanu, lissahinka daidai ne in aikin injiniya kujera ce. Amma bari in ba ku labarin yadda munka koyi aiki a Arlit. Da munka tahi, muna da takarda muna jin kanmu. Ba a ba kowa biro ba. Sai anka haɗa kowane ɗayanmu da tsohon ma'aikaci, shi bi shi duk inda za shi. Wanda anka haɗa ni da shi ko sunanshi ba ya rubutawa da kyau, amma in ya ɗora hannu bisa injin shina gaya maka abin da ke damunshi kahin a kwance. Shi ya koya mani cewa kahin ka taɓa komi ka tambayi wanda ya kwana da injin ɗin. Shi ya koya mani rubuta abin da ya hwaru a littahin aiki kowace rana, ko da ba wanda zai karanta. Kuma bayan wata ukku sai babban injiniya shi zaunar da mu, shi tambaye mu abin da munka gani, ba abin da munka karanta ba. Wanga tsari ba alheri ba ne anka yi muna, kamfani ya san in bai yi haka ba inji na miliyoyi zai lalace. Abin da ya ɓace yanzu shi ne ƙananan kamfanoni ba su da ƙarhin yin haka, manyan kuma suna son wanda ya riga ya iya. To wa zai koya mashi? In mu da munka ci moriyar abin ba mu mayar ba, zunubin namu ne. Ni ina Tawa, ba ni da shantiye, amma ina da lokaci da tabarma. Duk yaron da ya rubuta rahoto ya kawo, in karanta mashi da jan biro.

Sabi'u: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Amma ku kamfani ne ya ɗauke ku tukuna sannan ya horar da ku, albashi na shiga. Mu ana so mu koya da cikinmu wayam.

Baba Illiyasu: Wanga gaskiya ce ɗana, ba ni musunta ta.

Laminu: Usmanu, bari in amsa maka a kan kujeru, don nan ne muka rabu. Ka ƙirga manyan kamfanoni irin Soraz, da Somair mai haƙar uraniyum, da Nigelec ta lantarki, da Sonichar mai haƙar kwal, ka tsaya. Ni aikin da nake gani ba a can yake ba. Ka tuna watan Agusta na 2023 da Najeriya ta yanke mana kuran, lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarmu daga can take zuwa. Tun daga nan duk mai ɗan hali a Yamai sai ya sa fanon sola a saman gida, asibitoci masu zaman kansu, masu sayar da ƙanƙara, masu gidan burodi. Je ka duba wa ke haɗa masu. Yawanci yaron shago ne da ya koya da gani, ya haɗa batir da waya siririya, bayan wata kaɗan batir ya mutu, mai gida ya ce sola ƙarya ce. Injiniyan lantarki yana fada yana shan shayi yana jiran konkur, aikinsa kuma wani na yi a bayan gidansu, yana yin shi ba daidai ba. Me ya hana shi? Bai san yadda ake zuwa wurin mai gida a ƙirga abin da yake kunnawa ba, bai san inda ake sayen kaya na gaske ba, bai san yadda ake faɗin farashi ba tare da kunya ba. Waɗannan ba a aji ake koyonsu ba. Kuma abin takaici, ƙasar Abdou Moumouni Dioffo ce fa, haifaffen Tasawa da ya jagoranci Onersol, hukumar makamashin rana, yana ƙera na'urar dafa ruwa da rana tun kafin a haifi yawancinmu. Jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi. Tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 tana aiki tun 2018, ta Gorou Banda mai megawat 30 ta zo a 2023. Rana ba ta ƙare mana ba.

Usmanu: Wato injiniya mai shekara 5 bayan bak ya koma ɗaura fano a saman kwano. Shi ke nan mun ci gaba.

Laminu: Ya fara da ɗaura fano, ya ƙare da kamfanin da ke ɗaukar mutum goma. Ko ya zauna yana jiran kujerarka guda goma.

Hajiya Zuwaira: Sannunku da muhawara. Ina hanyar dawowa daga Konni ne sai yanzu na samu rezo. Usmanu ƙanena, kar ka rena ƙaramin aiki, don a cikinsa ake gane injiniya. Ɗauki famfon sola na lambu. Manomin albasa a Galmi ko a kwarin Maggiya zai ce maka yana son ruwa, shi ke nan. Kai ne za ka auna zurfin da ruwan yake sauka in ana ja, ba inda yake tsaye da safe ba. Kai ne za ka ƙara tsawon shato, wato tankin ruwa na sama, da asarar da ake yi cikin tiyo. Kai ne za ka tuna ƙarfin da aka rubuta a bayan fano a zafin digiri 25 aka auna shi, alhali a watan Afrilu a nan iska kanta tana wuce 40, fano kuma ya fi iska zafi nesa, ƙarfinsa na raguwa wajen kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri. Ga ƙurar hunturu da ke rufe shi. Ka fuskantar da shi kudu, ka karkata shi wajen digiri 15. Wanda ya yi lissafin nan daidai, manomi zai kai sunansa ƙauye bakwai ba tare da an roƙe shi ba. A tudun Adar kuwa wani wurin sai an haƙa ɗaruruwan mitoci kafin a taɓa ruwa, kuskure guda a zaɓen famfo miliyoyi ne. Duk wannan yaranmu sun karanta shi, amma ba su taɓa tsayawa a bakin rijiya manomi na kallonsu yana jiran amsa ba. Rana guda a bakin rijiya tare da wanda ya saba tana kwance masu abin da ya ɗaure.

Nafisa: Hajiya, tunda kun shigo bari in faɗi rabin nawa. Ni ilmin ruwa na karanta. Da aka ce riƙon hannu, abin da ya fara zuwa raina shi ne: wa zai riƙe ni? Kusan duk manyan da ke nan maza ne. In na hau mota da injiniya namiji muka tafi ƙauye muka kwana biyu, kafin in dawo an gama da sunana a unguwa. Ba a nan ta tsaya ba. Na taɓa neman staj a wani wuri, wanda ya karɓi dosiyena ya fara kirana da dare yana tambayar ko na ci abinci. Na bar masu staj ɗin. Ba ni kaɗai ba ce, ku tambayi kowace yarinya a nan ta gaya maku in ta yarda da ku. To in za a yi tsarin nan a yi shi da mu a rai, ba a gama a ce af, ashe akwai mata.

Alhaji Mutari: Subhanallah. Allah ya shirya.

Jibo: Nan kam ba wasa. Nafisa, kin yi daidai da kika faɗa a fili.

Hajiya Zuwaira: Ƴata, na gode da kika faɗa, don ni a zamanina ba mu da inda za mu faɗa. Ga abin da nake gani. Mu matan da muka daɗe a aiki ba mu da yawa, ba za mu ishe ku ba, kuma bai kamata a ce yarinya sai mace za ta koya mata ba, in ba haka ba wadda ta karanta ma'adinai ko injuna za ta rasa malami. Sai dai a sa ƙa'ida. Haɗuwa a wurin aiki, da rana. In tafiyar kwana ce, yara biyu ake ɗauka, ba ɗaya ba. Kowace yarinya, ko wa ke riƙe da ita, tana da lambata, kuma in ta kira ni ba sai ta kawo shaida ba kafin a sauya mata wuri. Masu cewa shantiye ba wurin mace ba ne kuwa su je Keita su tambaya. Aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara can a 1984, lokacin maza sun tafi bida, mata ne suka ɗauki duwatsun da aka yi shingayen da suka tsayar da ruwa a kan tuddai. Wadda kakarta ta ɗauki dutse a ka ba za a ce mata ba ta iya riƙe na'urar awo ba.

Baba Illiyasu: Hajiya ta gama magana. Ni ma duk ɗiyar da za ta zo wurina, uwargida na zaune.

Sabi'u: To a dawo kan maganar kuɗi, don naga ana so a tsallake ta. Wata 6 ina bin mutum shantiye. Man moto wa zai saya? Abincin rana fa? Ni kabu-kabun nan da nake yi da shi nake aika wa tsohuwa wani abu. Na yi staj a wani kamfani, ni ke tsayuwa a rana ina ƙirga kamyon laterit, ni ke rubuta rahoton da shef zai sa wa hannu, da lokaci ya cika aka ce mani an gode, aka kawo wani sabo. Ashe haka suke yi, ba sa ɗaukar kowa, staj bayan staj. In wannan ne za a sake yi da sabon suna, ni a cire ni.

Alhaji Mutari: Ɗana, kai ma ka ji tawa. Ni kaina sai in gama aiki in yi wata da watanni ina bin kuɗina. Yaron da bai iya komi ba tukuna, in ba shi albashi daga ina? Lokacin da nake ɓatawa ina nuna masa ma kuɗi ne.

Sabi'u: Ba albashi na ce ba Alhaji. Na ce kar in biya daga aljihuna don in yi maku aiki.

Alhaji Mutari: Wannan kuma magana ce. Kuɗin mai da na abinci ba za su gagara ba. Amma ni ma ina da sharaɗi. Ƙarfe 7 na safe yana shantiye, da takalmin aiki, ba da silifa ba. Ya gaida magina, ya ci abinci inda suke ci. In ya ga kuskure ya ja shef gefe ya gaya masa, ba ya tsaya a tsakiyar leburori yana Faransanci ba. Na ga yaro ya zo yana gaya wa dattijo mai shekara 60 cewa kwaɓinsa ya yi ruwa. Gaskiya ya faɗa, kwaɓin ya yi ruwa, kuma ruwa in ya yi yawa ƙarfin beto yake ci. Amma yadda ya faɗa ya sa har aka gama aikin ba wanda ya sake nuna masa komi.

Dakta Haruna: Alhaji kun taɓo wani abu da ke damuna. Da Faransanci muke koyarwa, aiki kuma da Hausa da Zabarmanci ake yin shi. Ɗalibi zai yi maka bayanin dalilin shayar da beto a allo, amma ka ce ya fahimtar da lebura me ya sa za a yi ta zuba wa dal ruwa har kwana 7 a zafin nan, sai ya kama kame-kame. Lebura a ganinsa siminti bushewa yake yi, in ya bushe da wuri ai an huta. Sai an gaya masa da harshensa cewa siminti da ruwa yake yin ƙarfi, in rana ta shanye ruwan tun da wuri ƙarfin ya tsaya a hanya, kuma sai bayan kwana 28 ake fasa samfuri a labo a ga abin da ya kai. Wanda ya iya faɗin wannan har lebura ya gyaɗa kai ya ɗauki bokiti da kansa, ya fi mai maki 18 bisa 20 amfani a shantiye. Wannan kuwa sai a bakin wanda ya saba ake ɗaukarsa.

Jibo: Ni a fannina na sadarwa da kwamfuta wata matsalar ce daban. Yara sun iya, wasu ma sun fi mu. Abin da ke kashe su shi ne takarda. CV shafi huɗu, har da lakwal ɗin firamare, amma ba layi guda da ke cewa ga abin da na taɓa haɗawa ya yi aiki. Ka kira shi ganawa ka ce ba ni labarin memwar ɗinka, sai ya karanto maka take. Kuma Turancin Ingilishi, ku yi haƙuri, dole ne yanzu: littafin kowane inji da shi yake zuwa, a fannin mai kuma da shi ake magana da baƙi. Ni zan iya ɗaukar wannan ɓangaren, ranar Lahadi da yamma, mu yi gwajin ganawa, in yi masu tambayoyin da ake yi na gaske. Har Gobirawa zan karɓa, in sun yi alkawarin wanka.

Usmanu: Allah ya isa tsakanina da kai. Amma ku saurara, har yanzu ban sauka daga maganata ba. Hukuma na ta matsa wa kamfanonin mai da na ma'adinai su ba ƴan ƙasa muƙamai, wannan shi ne abin da zai buɗe ƙofa da yawa a lokaci guda, ba mu mutum ashirin a waya ba. Ga ANPE, hukumar samar da aikin yi, ga FAFPA da aka kafa don horo da koyon sana'a, ga sabis sibik na shekara 2 da yara ke yi a ma'aikatu. Aikinsu ne. In muka ɗauke masu, sai su ƙara miƙe ƙafa.

Hajiya Zuwaira: Ran da aka buɗe ƙofar, Usmanu, za a ce a kawo ɗan ƙasa mai shekara 3 ko 5 na gogewa. In ba mu da shi, sai a ce ai kun gani, babu, a dawo da baƙo. Gogewar nan wani ne zai fara ba shi ita. Sabis sibik kuwa ya danganta da hannun da ka faɗa: wani ya fito ya iya aiki, wani ya shekara 2 yana kai takarda daga biro zuwa biro.

Usmanu: Na ji. Ban ce kar a yi ba. Na ce kar mu ruɗi yara su ɗauka wata 6 da Laminu zai zama aiki.

Laminu: A kan wannan mun haɗu, shi ya sa tun farko na ce ba alkawarin aiki ba ne. Amma maganar Sabi'u ta farko ita ce ta fi tsaya mani, don in ba a warware ta ba duk sauran banza ne. Ga abin da na tsara, ku gyara. Babba ba ya zaɓen yaronsa. Yara su rubuta suna da fanni da garin da suke, manya su rubuta nasu, a haɗa ta fanni, in masu nema sun fi yawa a yi ƙuri'a a gaban kowa. Ba ka riƙe ɗan gidanku, in ƙuri'a ta faɗa a kan danginka a sake. Kafin a fara a rubuta shafi guda: ga aikin da yaron zai yi da kansa daga farko har ƙarshe, debi ne, lissafin famfo ne, gwajin ƙasar hanya ne, ko mene ne, wanda zai iya ɗauka ya nuna a wani wuri ya ce ni na yi. Mai da abincin rana a kan wanda ya ɗauka. Ƙa'idar Hajiya a kan ƴan mata ta shiga yadda ta faɗe ta. A ƙarshe babba ya rubuta gaskiyar abin da ya gani, ya kuma kira mutum biyu da ya sani a waya ya ce ga yaro.

Sabi'u: Kiran wayar nan ai ita ce sanayyar.

Laminu: Ita ce. Bambancin kawai wannan karon ɗan manomin bayan Illela ma za a kira dominsa, kuma wanda zai kira ya ga aikinsa da idonsa.

Dakta Haruna: Ƙara guda: in yaro ya daina zuwa ba dalili a cire shi, in babba ya mai da shi ɗan aike, sayo mani kati, kai yara lakwal, shi ma a cire shi a faɗi dalili a nan.

Alhaji Mutari: Ƙuri'ar nan ba ta kwanta mani ba, ni na fi son in ga yaro in yi magana da shi tukuna. Shantiye ba wurin gwaji ba ne. A ba ni sati biyu na farko, in bai yi mani ba in maido shi.

Nafisa: In an ba Alhaji sati biyu, mu ma a ba mu. In wurin bai yi mani ba in dawo ba tare da an ce na raina manya ba.

Baba Illiyasu: Adalci ke nan. Ku ba kowa.

Sabi'u: To ku sa sunana, fannin gini da hanyoyi, Yamai. Amma ranar Juma'a da Asabar ina kan moto, sai in an yarda da haka.

Alhaji Mutari: Juma'a na yarda. Asabar muke zuba dal, in ƙuri'a ta kawo ka wurina ranar ce ma ba za ka fashe ba.

Hajiya Zuwaira: Ni zan ɗauki biyu, fannin ruwa da noman rani, amma su san aikina tsakanin Konni da Madawa yake, ba Yamai ba. Wanda ba ya iya kwana a ƙauye kar ya sa suna.

Usmanu: Ku sa ni a injuna, mutum guda. Bayan wata 6 zan dawo in tambaye ku nawa suka samu aiki, kuma kar wanda ya ji haushi.

Laminu: An ji. Sunaye a turo mani ta gefe zuwa daren Alhamis, kar a cika nan da lambobin waya. Waɗanda ke Tawa da kewaye su rubuta haka a gaban sunansu don a haɗa su da Baba da Hajiya. Jibo, wurin ganawar Lahadi fa, biro ɗinka ko za a nemi aji?

Jibo: Biro, bayan la'asar. Kujeru takwas ne, wanda ya makara ya zo da tasa.